Haƙoran da Suka Ɓace a Allon Likita

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Na ga saƙonki kan tambarin likitan haƙorin nan da ogarku ta ba ki a shagon buga takardu. Kin ce duk sanda kika ɗora shi kan baƙin allo, sai ya zo da farin akwati a bayansa. Ɗalibaina ma a nan suke ruɗewa, suna ɗauka fari ba komai ba ne. Fari launi ne, shi ma sai an cire shi. Ɗauki sandar zaɓen launi, ki taɓa farin, ki goge. In kin ga ƙananan murabba'ai masu ruwan toka, ya fita. Ki ajiye hoton a kwamfutar a tsarin PNG, don tsarin JPG zai maido miki da farin.

Ki gaida mamanki.
Kawunki

Kawu,

Ina gaisuwa. Kawu, ka kashe ni! Na yi yadda ka ce, farin ya tafi, amma har da haƙoran da ke cikin tambarin. Ban lura ba sai da aka buga allon, aka kafe shi a ƙofar asibitin. Baki a wangale, haƙora baƙi ƙirin! Likita ya shigo yana huci, wai masu wucewa na tsayawa ɗaukar hoto, wani har ya tambaye shi ko gawayi yake sayarwa. Oga ta ce ran Alhamis za a sake bugawa, in na kuma, in ajiye mata makulli in koma gida. Ga shi na danne na asalin da wanda na ɓata.

Ka huta lafiya.
Autarku

Auta,

Sannu, 'yata. Laifina ne, ban tambaye ki abin da ke cikin tambarin ba. Na asalin yana nan a saƙon da likita ya turo wa ogarku. Ki daure ki roƙe ta, ko da za ta harare ki. Ki yi kwafi biyu, ɗaya kada ki taɓa shi. A saman allon kwamfutar akwai ɗan akwatin da ke hana sandar tsallake layi. Kunna shi, sai ta ɗebi farin waje kaɗai. Sannan ki shimfiɗa jan launi a ƙarƙashi, ki ƙara girman hoton, ki duba haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Kada ki tura sai kin ga sun cika.

Allah ya ba da sa'a.
Kawunki

Kawu,

Barka da war haka. Haƙoran takwas ne, kuma duk suna nan. Likita ya daɗe yana kallon allon, ya kama gabansa. Oga ma ba ta nemi makulli ba. Amma yau da safe na tarar da sabon aiki a teburina: tambarin mai kiwon kaji, farar kaza a kan fararen ƙwai, babu ko layi a gefenta. Ga kwafi nan. Kai ma zauna ka gwada, mu ga wa zai riga wani.

Autarku