Wayar da Ta Ba Ni Kunya a Gidan Suna

Zuwa ga 'yata Rabi,

Ina gaishe ki, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Nana? Mu nan Matameye lafiya lau.

Rabi, kunya ta ishe ni. Maigidanki ya turo mini bayanan da ya rubuta wa mataimakin manoma na cikin waya, waɗanda mataimakin yake bi ya san inda zai nemo amsa. Ya ce in duba ko sun fito sarai. Na ga na ruwan sama da na farashi duk "labarin gona" ya kira su. To, yaya zan gyara wa suruki rubutu, ni da na koyi karatu da furfura? Na ce sun yi kyau.

Jiya a gidan suna na fito da wayar ina alfahari. Hajiya Mari ta tambaye ta yaushe ruwa zai sauka, sai ta faɗi farashin wake a Kurni. Mata suka kwashe da dariya. Hajiya ta ce, "Ashe surukin naki dillali ne?"

Don Allah maigidanki ya gyara, ya raba wa na ruwa da na farashi suna, kafin shugabanninsa su gani. Ki nuna kamar ke kika lura, kada sunana ya fito.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida mutanen gida.

Mahaifiyarki