Ranar da Aka Ƙi Shan Gahawar Alhaji

Sa'alaba, Jidda,
Rajab, 1431.

Zuwa ga yayata abar alfaharina, Yaya Turai, a Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Na'ibi da yaran gida baki ɗaya. Yaya ciwon gwiwar nan? Allah ya sa kaffara ne, ya kawo sauƙi. Mu nan lafiya lau muke, sai zafin Jidda da ba ya raga wa kowa. Zakiya, matar ɗanmu Mahmud, ta sauka lafiya, an samu mace, kuma sunanki aka sa mata. Hancinki ne sak ta ɗauko, haka ma ƙarfin muryar, don in ta fara kuka har maƙwabta sai sun leƙo.

Yaya, albishirinki, kuma ki tanadi gorona. Kin tuna a takardata ta bara na yi miki kukan cewa shagon gahawar maigidana Alhaji ya kusa mutuwa. Fiye da shekara talatin yana zuba gahawa a ɗan shagon nan na jikin gidanmu, ni ina soya 'ya'yanta a kicin, ina dakawa, ina miƙa masa ta taga. Sai ga manyan shagunan kamfani sun cika gari, masu gilashi da sanyin na'ura, reshe a bakin teku, reshe a kowace babbar kasuwa, duk kamarsu ɗaya. Matasa suka ɗunguma can. Har ɗanmu Mahmud, wanda ubansa ya koya wa riƙon dalla, wato butar gahawa, tun bai iya ɗaura zariya ba, ya je ya kama aiki a ɗaya daga cikinsu. Alhaji bai hana shi ba, amma tun daga ranar maganarsu ta koma daga ina kwana sai sai da safe. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Bari in ba ki dariya tukuna. Mahmud, don ya faranta wa ubansa, ya lallashe shi ya kai shi wurin aikin nasa. To a ƙasar nan ba a cika wa baƙo finjali. Kaɗan ake zubawa, kurɓi biyu ko uku, ya sha a ƙara masa, don ya daɗe zaune ana hira. In ya ƙoshi ya girgiza finjalin, shi ke nan. Wanda aka cika wa finjali kuwa, an ce masa ne ya sha ya kama gabansa. Sai ga Mahmud, da murnarsa, ya miƙo wa ubansa wani ƙaton kofin takarda, cike taf, har da murfi. Alhaji ya dubi kofin, ya dubi ɗansa, ya miƙe ya shiga tasi. Ya shigo gida yana huci, wai an kore shi, kuma ɗan cikinsa ne ya kore shi, har da rufe masa kofi don kada ya yi tunanin ƙari. Wallahi sai da cikina ya ƙulle don dariya, shi ko ya sha mur har kwana biyu. A makon ne ya je wurin Hamad, kafilinmu, wato Balaraben da ya tsaya mana a ƙasar nan, wanda takardun shagon suke da sunansa, ya ce kada a sabunta lasisi, halas, shi ke nan, in ya ƙare ya ƙare.

Abin mamaki, a daidai lokacin ne mutane suka fara dawowa. Da farko direbobin da ke aiki a gidajen masu hali na unguwar Abhur ne. Babbansu Isha'aku, mutumin Maraɗi, ya ce tun da shinkafa da hayar gida suka yi tashin gwauron zabo, mutum sai ya ji kunyar iyalinsa ya sayi kofi ɗaya da kuɗin da zai ci tamis da ful, wato gurasa da wake, har ya kai wa yara. Ya ce kuma bayan kuɗin, sai ka bi layi kamar wurin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ka kira abin da za ka sha da sunan da harshenka bai iya ba, a ba ka madara da sukari da kumfa, gahawar kuwa sai ka neme ta. Ko kullum kake zuwa, ba mai sanin an yi maka haihuwa ko rasuwa. A wurin Alhaji kuwa, kafin ka zauna an tambaye ka jikin tsohuwarka. Har maigidan Isha'aku, mai gida a bakin teku, ya koma aiko shi da filas a cika masa. Shi kansa Mahmud ya gaya mini a kicin cewa wurinsu ya fara yin fayau, kuma shi ya gaji, aikinsa danna maɓalli ne kawai, ko ƙanshin soyuwa bai taɓa ji ba.

Kina tsammanin wannan ya sa surukin naki ya sauko? Ina! Kin san shi da kafiya. Na yi lallashi, na yi fushi, na kawo masa maganar jikoki, ya ƙeƙashe ƙasa ya ce ya riga ya faɗa a gaban kafili, ba zai koma ya lashe maganarsa ba. Ya ce kuma hannunsa ya fara rawa, wa zai bar wa? Ni kuwa na san in aka rufe shagon nan, mutumin nan ba zai daɗe ba. Mutumin da bai san zaman ɗaki ba, me zai yi da wuni guda? Na yi ta kai kukana wurin Allah.

Ranar Alhamis ta ƙarshe kafin lasisin ya ƙare, ya ce in soya mafi kyawun 'ya'yan gahawa, in zuba hel da za'afaran, kayan ƙamshin gahawar nan, ba ƙwauro, a fito da dabinon Madina, yau ta sallama ce, kyauta. Bayan la'asar shago ya cika ba masaka tsinke, har kan titi an shimfiɗa tabarmi. Ni ina bayan labulen taga ina leƙe, idona duk ƙwalla. Alhaji ya ɗauki dalla da hagu, finjalai a dama, ya fara da Hamad, saboda shi ne babba. Hamad ya karɓa, bai kai baki ba, ya ajiye a ƙasa gabansa. Isha'aku ya karɓa ya ajiye. Na kusa da shi ya ajiye. Haka aka bi har bakin ƙofa, ba wanda ya kurɓa. Yaya, a al'adar Larabawa, baƙon da ya ajiye finjali bai sha ba, da buƙata ya zo, kuma babban abin kunya ne gahawa ta huce a gaban baƙonka. Ashe sun ƙulla abinsu tun ranar Juma'ar da ta wuce, ni kaɗai da shi aka bari a duhu.

Alhaji ya dubi finjalan nan jere a ƙasa, tururinsu yana raguwa, gumi ya keto masa. Ya san abin da suke so, ya kuma san abin da al'ada ta ɗora masa. Daga ƙarshe ya gyara murya ya ce, "Ku sha gahawarku, abin da kuka zo nema kun samu." Hamad ya yi dariya ya ce ai lasisin ma bai taɓa dakatar da shi ba, yalla, maza a sha. Aka ɗaga finjalai gaba ɗaya ana hamdala, ni kuwa na yi guɗa a kicin ban san ta fito ba.

Finjali ɗaya ya rage a ƙasa, can bakin ƙofa. Na Mahmud ne, ya shigo da kayan aikinsa a jiki, ya raɓe cikin direbobi. Ubansa ya tsaya a kansa ya tambaye shi shi kuma mece ce tasa buƙatar. Ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, dallar nake so." Alhaji ya dubi dallar da ke hannunsa. Sannan ya miƙa masa ita, ya nemi benci ya zauna a cikin baƙi, abin da ban taɓa gani ba tun da aka buɗe shagon. Kowa ya zuba wa hannun Mahmud ido, Isha'aku har yana tsokanarsa wai a kawo murfi. Yaron nan ya ɗaga dalla, ya zuba kurɓi biyu cak a gindin finjali, ya miƙa wa ubansa da hannun dama. Alhaji ya sha ya miƙo, aka ƙara. Ya sha ya miƙo. A al'ada daga na uku ake girgizawa, shi kuwa har aka kira magariba bai girgiza finjalin nan ba.

Yanzu Mahmud ya bar wancan aikin, shi ke zubawa, uban yana zaune a gefe yana gyara masa riƙo, suna musu kan yawan hel kamar za su cinye juna. Ni kuma soya ta ninku, hannuna ya yi kanta, amma rabon da in yi barci mai daɗi irin na kwanakin nan har na manta. In Malam Abdulghani zai taho Umra, don Allah ki aiko mini da busasshiyar citta ta gida, ta nan ba ta da yaji. Zan ba shi gahawa da hel ya kawo miki, amma ki kiyaye, kada ki cika wa Malam Na'ibi kofi.

Ki gaishe mini da Malam Na'ibi, da Gwaggo Rakia, da Aissa da mijinta, da duk wanda ya tambaye mu. Alhaji yana gaisuwa, Mahmud da Zakiya suna neman addu'arki, takwararki ma ga ta nan tana gaishe ki da kuka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, a nan ko a can.

Taki ƙanwa mai kewarki,
Mariama.