Gwajin Da Na Sassauta

Yayata abar ƙaunata,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan wasiƙar nan za ta same ki lafiya. Yaya jikin Mama, ta fara taka ƙafar? Ki ce mata Autarta na gaishe ta, kuma ta daina ɓoye magani a ƙarƙashin filo, duk mun san halinta. Ke kuma sannu da jinya, Allah ya ba da lada.

Wani abu ne ya tsaya mini a rai. Kin tuna wurin aikinmu, ɗakin nan mai sanyi da kika ce ya fi dacewa da ajiye nama? Injinan da ke jere a ciki su ne manyan kwamfutocin da ke riƙe da rumbun bayanan asibitoci: sunan marar lafiya, rukunin jininsa, maganin da jikinsa ba ya karɓa. To, Oga ya ɗora mini aikin zaɓo sabuwar manhajar ajiya, wadda za ta riƙa ɗaukar kwafin komai, ta yadda ko inji ya mutu za a dawo da bayanan yadda suke. Kamfani uku suka kawo tasu. Da na buɗe takardun na ukun, sai ga sa hannun mijinki.

Abban 'yan biyu fa, Yaya! Mutumin da na ci na sha a gidansa har na gama karatu. Ya kamata in gaya wa Oga mijin yayata ne, a ba wani aikin. Har bakin ƙofarsa na je, na juyo. Na ce a raina ai ni ba a sayena, zan iya. Shi kuwa ko a jikinsa. Da na je duba yara sai tsokanata ya yi ta yi, wai Injiniya ta zama alƙali, in gasa masa gwaji kada in raga masa. Na yi dariyar yaƙe na taso.

'Yan biyu lafiya lau, sai rigimar nemanki. Ki gaida Mama da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya mai jiki? Na ji daɗi da kika ce ta fara zagaya tsakar gida da sanda. Allah ya ƙara sauƙi.

Na san ya kira ki ya ba ki albishir cewa shi ya ci. Kafin ki gama rangaɗa guɗa, ki karanta wannan.

Ga yadda nake gwajin. Ina da rumbu na gwaji, kwatankwacin na gaske. Sai in sa wata na'ura ta yi ta rubutu a cikinsa ba ƙaƙƙautawa, kamar yadda asibiti ke yi da rana. Ana cikin haka manhajar za ta ɗauki kwafi. Wani lokaci in zare wuta tana tsakiyar aiki. Daga nan in goge rumbun tas, in ce ta dawo mini da shi. Ɗaukar kwafi ai kowace manhaja ta iya, wajen dawowar ne ake gane ta ƙwarai. Ta kamfanin farko ta dawo da komai, amma da nawa kamar mai ciwon baya. Ta biyu ma ta yi, sai dai tsada.

Da na zo kan tasa, zagayen farko ta dawo da rumbun a yamutse. Sakamakon jinin wani ya koma ƙarƙashin sunan wani. Na tuna yadda ya rame bayan rufe shagonsa na farko, da ma'aikatansa biyu da ke jiran wannan kwangilar. Sai na ce wataƙila kuskurena ne, bari in sake. Da zan sake, na kashe na'urar rubutun, ban kuma zare wuta ba. Rumbu ya yi tsit, ita kuwa ta ɗauka ta dawo da shi cikin ƙiftawar ido. Wannan sakamakon na kai wa Oga, na farkon kuma na goge shi.

Ba wanda ya roƙe ni, Yaya. Ba ke ba, ba shi ba. Ni da hannuna na yi. Oga har yabona ya yi a gaban jama'a, wai ba a samun irina wajen tsantseni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abban 'yan biyu kuma yana ta gaya wa abokansa cewa kayansa sun tsallake gwajin ƙanwar matarsa, wadda ko gishiri ya yi yawa a miya sai ta faɗa.

Kada ki gaya masa, don Allah. Kada kuma Mama ta ji, hawan jininta ya ishe ta.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama, da fatan kun tashi lafiya. Na ga amsarki, faɗan da kika yi mini duk na cancanta. Kin ce in je in same shi, to ya riga ni.

Ya zo wurinmu da safe don a fara girka manhajar. Muka shiga ɗakin sanyi mu biyu, ga ƙarar fankoki, ga shi da sabuwar riga har da ƙarin guga. Sai ya ce yana da roƙo. Ashe waɗanda suka ƙirƙiri manhajar, da yake wa dillanci, sun taɓa gaya masa tana da rauni in rumbu na cikin aiki, shi ya sa ya yi mamakin yadda ta ci. Yana so in maimaita gwajin a gabansa ya ga dabarar da na yi, don ya koya wa ma'aikatansa. Da murmushinsa ya faɗa, babu zargi ko kaɗan a ciki.

Na kunna na'urar rubutun. Muka tsaya muna kallon allo har ta gama. Ta dawo da rumbun a yamutse kamar wancan karon. Ya daɗe yana kallon sunayen da suka cakuɗe, sannan ya juyo ya dube ni. Ban iya ɗaga kai ba, takalmansa kawai nake kallo.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya wuce ofishin Oga ya janye da kansa, ya ce kayansa ba su dace da asibiti ba, bai ambaci sunana ba. Ni na bi bayansa na faɗa wa Oga sauran. An cire ni daga aikin zaɓen, an ba ni takardar gargaɗi, za a sake gwajin duka. Wannan bai dame ni ba, haka ya kamata.

Abin da ya hana ni sakat shi ne maganar da ya yi mini a bakin get. Ya ce asarar kwangila ba sabon abu ba ce a wurinsa, ya faɗi a baya ya tashi. Amma ya ɗauka ko duniya za ta raina shi, ni zan auna shi da ma'aunin da nake auna kowa. Sai ya tambaye ni, a hankali, tun yaushe na fara jin tausayinsa.

Bai jira amsa ba, ya shiga mota ya tafi. Na rasa ƙafar da zan taka gidanku da ita. Kada ki ba shi haƙuri a madadina, ni zan je. Sai dai na san zai sake tambayata, kuma ba zan ƙara yi masa ƙarya ba. Gaskiyar ita ce an daɗe, Yaya, tun ina cin abinci a gidansa.

Ki sa ni a addu'a. Allah ya ba Mama lafiya, ya dawo mana da ke cikin aminci.

Ƙanwarki mai jin kunyarku,
Auta