Man shanun Gwaggo da sakamakon Baba

Zuwa ga Gwaggo Iyatu a Ngaoundéré,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, Ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwa. Mu a unguwar New Bell lafiya lau. Inna tana nan da hidimarta, ni kuma watana huɗu ke nan da kama aiki a ɗakin gwajin jini.

Gwaggo, albishir! Jiya Talata sakamakon gwajin jinin Baba ya fito. Kitsen da ke toshe jijiyoyi, wanda a watan Maris ya kai giram 1,7 a kowace lita ta jininsa, ya sauko 1,2. Sau uku na karanta. Likitan da ke yi masa wankin ƙoda Litinin da Alhamis ya ce da saura, amma an kama hanya.

Yanzu sai laifina. Da kika ji yayanki ya rame, kowane wata kina aiko masa da galan na man shanu ta jirgin ƙasa don ya yi ƙiba. Maƙwabta ma in sun zo dubiya sai tsire mai kitse. Kowa cewa yake ramamme ina ya ga kitse. To, ƙoda in ta gaza, kitse yana taruwa a jini ko mutum ya zama tsinke, kuma masu wannan ciwo zuciya ce ta fi kai su ƙasa. Tsoro ya sa na ɓoye galan uku a bayan buhun gawayi. Baba ya yi fushi kwana tara, yana kirana likitar bana, ya ce miya ta zama ruwan wanka.

Ba zan ce barin man ne kaɗai ba, don ya rage sukari a shayi, yana kuma takawa zuwa masallaci. Amma gani ya kori ji. Jiya da kansa ya ce in rubuto miki ki daina aikowa, shi kunyarki yake ji. Man bai lalace ba, da shi za a yi girkin suna in matar yayana Bala ta haihu.

Ki yafe mini. Ki gaida Kawu Amadu da ɗanki Usaid. Baba ya ce in kina son ya yi ƙiba, ki hau jirgin da kanki maimakon galan.

'Yarki,
Khairiyya