Abin da Dakta yake faɗa

Daren Talata, 9 ga Afrilu, Illela

Yau na je Amarawa duba Dakta Bello.

Tun da na ƙetaro daga Ƙonni nake neman inda zan koyi Rashanci da araha, saboda karatun da nake burin tafiya. Dakta, da ya karanta likitancin dabbobi a Rasha, ya ce in riƙa zuwa bayan la'asar, kyauta, shi dai ya samu abokin hira. Na raina, ban je ba, don ba ya ba da takardar shaida. Na zuba kuɗina na sefa a darasin waya, kullum sabis yana yankewa.

Yanzu ɓarin jikinsa ya shanye, Hausa ta ɓace masa, Rashanci kawai ke fita. 'Yarsa Hadiza ta ce, "Malam Sani, kai da kake koyo, mi Baba ke cewa? Tun jiya yake maimaitawa."

Ya riƙe hannuna, ya sake faɗa a hankali yana kallona. Ni kuwa gaisuwa kawai na iya.

Na ce mata ban gane ba. Ta ce ba komai, ta kawo mini ruwa. Da faɗa ta yi mini, da ya fi mini sauƙi.