Na Ce Wa 'Yata Kanumfari Ne, Alhali Ba Shi Ba Ne

Assalamu alaikum Anti Badiyya. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Juma'ar sama. Na jefa 'yar cikina a wahala da bakina, wata huɗu ke nan, kuma har yau ba ta san ni ce ba.

Ni mai humra ce a Agege. Shekarata ashirin da shida a Legas ina wannan sana'a, kuma ba yabon kai ba, amaryar da aka kai ɗaki daga nan har Alaba Rago ba da humrata ba, sai dai a tausaya mata. Har matan Yarabawa suna hawo motar haya ta danfo daga Oshodi su zo saye. Haɗin na gaje shi wurin Inna, ita ma ta gada wurin kakata can Nguru. Kaya goma sha biyu ake haɗawa. Ƙa'idar gidanmu kuwa, ba a faɗa wa 'ya na sha biyun sai ranar da aka sa ta a lalle. Kafin wannan rana duk wanda ya tambaya, ko da 'yar da kika haifa ce, sai ki lissafa masa sha ɗaya na gaskiya, ki cike da kanumfari. Ni ma haka Inna ta yi mini, Allah ya jiƙanta. Shekara bakwai ina dakan kanumfari ina mamakin abin da ya sa tawa ba ta kai tata ba.

To ina da 'ya, ita ce ta fari, don haka bakina bai taɓa kiran sunanta ba. A nan zan ce mata Nuriyya, tunda ba sunanta na gaskiya ba ne zan iya faɗa. Tana digiri na biyu a fannin haɗa sinadarai a wata jami'a nan Legas. Wata rana ta ce mini abin da ke damunta da humra shi ne zafin garin nan da gumi, mace ta shafa da safe, kafin la'asar ƙamshin ya gudu. Ta ce za ta ƙera keji da zai riƙe ƙamshi ya dinga sakinsa kaɗan-kaɗan. Ni na zaci wurin mai walda za ta. Ashe kejin nata, in an jera dubu-dubai, ba su kai kaurin gashin kai ɗaya ba. Ta nuna mini a kwamfuta, wasu 'yan ƙwallaye ja da fari da baƙi a haɗe da tsinkaye suna ta juyi. Wai da wata manhaja take gina su a cikin kwamfutar tukuna, ta gwada wace ƙwayar ƙamshi ce za ta shiga, kuma tsawon wane lokaci za ta zauna, kafin ta je ɗakin gwaji ta haɗa na gaske.

Duk wannan bai dame ni ba, har alfahari na yi. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne da ta ce manhajar ba ta da mai ita. Kowa a duniya yana iya ɗauka kyauta, ya buɗe cikinta ya ga yadda aka yi ta, ya gyara, ya ƙara nasa. Ita ma ta rubuta nata ɓangaren, wanda ke auna zaman ƙamshi a keji, ta miƙa wa jama'a haka nan ko sisi. Babanta ya yi dariya ya ce ai sadaka ce. Ni kuwa Ramatou ce ta faɗo mini a rai. Ramatou maƙwabciyata ce 'yar Maraɗi, ita ma tana taɓa humra, shekara goma tana sunsunar mayafina a gidan biki da sunan gaisuwa. Na ce a raina duk abin da ya shiga wannan kwamfuta, gobe yana hannun Ramatou.

Shi ya sa ranar da yarinyar ta zo da biro da takarda ta ce in lissafa mata kayan haɗi, na lissafa sha ɗaya tsaf, na ce na ƙarshe kanumfari. Ko idona bai ƙifta ba. Kuma Anti kada ma ki tambaye ni mene ne na gaskiyan, ke ma kanumfari zan ce miki.

Daga nan wahala ta fara. Ta ɗauki humrata ta gaske ta kai ɗakin gwaji, ta sa ta a kejinta, ta auna. Kwamfuta, wadda aka ba wa kanumfari, ta ce ƙamshi zai ƙare da wuri. Humrata kuwa ta zauna daram, ta ninka abin da kwamfuta ta faɗa. Malaminta ya ce ta kai kwalbar humrar can Ibadan, akwai wata na'ura can mai fayyace duk abin da ke cikin turare. Nuriyya ta ce masa babu buƙata, uwarta ta fi shekara ashirin tana wannan haɗi, ba za ta yi kuskure a kayanta ba. Da bakinta ta ba ni labari tana murmushi, ina yanka kuɓewa, saura kaɗan in haɗa da yatsana.

Tunda uwa ba ta kuskure, sai ta yanke cewa kuskuren yana cikin abin da ta rubuta. Su kuma mutanen manhajar nan suna da wata al'ada da ban taɓa ji ba. Mu a kasuwa in kayanka ya samu matsala rufewa kake yi. Su kuwa shela suke yi, a rubuta a inda kowa zai gani, a ce jama'a ku zo ku taya ni nema. Haka ta yi. Yanzu haka mutum huɗu ne suka duƙufa: wani tsohon malami da ya yi ritaya a Brazil, da wata mata a Indiya, da wani saurayi a Turkiyya, da wani a Poland. Ba wanda ya taɓa ganin wani, ba wanda ake biya. Sun bi rubutun yarinyar nan layi-layi ya fi sau goma. Ta Indiyan jego take, sai jaririnta ya yi barci take dubawa. Tsohon nan na Brazil har cewa yake a gaida Mama. Ni ce Maman, Anti. In ta isar mini da gaisuwar sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ba wai na naɗe hannu ba ne. Na ce mata wataƙila kanumfarin bana ne ba shi da kyau, ko za ta gane in-da-in-dar da nake yi. Sai ta tashi ta tafi kasuwar Mile 12 ta sayo kala uku ta gwada. Na je wurin maigida na ce ya yi mata bayani, ya ce wanda ya ɗaura shi ke kwancewa, ya ɗauki hularsa ya fita. Har na yi tunanin a gaggauta maganar aurenta, don akwai wani yaron kirki Abdulganiyu da suka daidaita, in an sa ta a lalle in faɗa mata bisa ƙa'ida kowa ya huta. Ta ce aure sai bayan digiri. To ga digiri ya tsaya saboda sirri, sirri ya tsaya saboda aure, aure ya tsaya saboda digiri. Ni da kaina na zauna na yi dariya har hawaye, daga baya hawayen suka zama na gaske.

Yarinyar ta rame, abinci sai an matsa mata. Jiya ta ce mini ranar Juma'ar sama za ta rubuta musu su cire ɓangarenta daga manhajar, don ba za ta bar mutane su dogara da abu mai matsala ba, hakki ne. Kuma za ta gaya wa malaminta a ɗaga mata kammalawa zuwa baɗi. Ta ce wataƙila dama kanta bai kai wannan aiki ba. Wannan maganar ce ta sa na rubuto miki.

In na faɗa, na karya alkawarin da na yi wa Inna, kuma ina tsoron abincin gidanmu ya zama na duniya. In na yi shiru, shekara guda ta 'yata ta tafi a banza. Ga kunya, ta yaya zan dubi 'yar fari in ce na yi mata ƙarya? Ina son yarinyar nan fiye da yadda na taɓa nuna mata. Ki gaya mini yadda zan yi.

Mai Humra, Agege

Wa'alaikumus salam Mai Humra. Allah ya shirye ki! Na karanta wasiƙarki na yi dariya har sai da abokan aiki suka leƙo, sannan na koma na ji tausayin ku duka biyu, da baiwar Allah mai jego a Indiya.

Ba zan ce tsoronki shirme ba ne. Sana'ar da ta ciyar da gida shekara ashirin da shida ba abin wasa ba ce, kuma iyayenmu ba su ƙirƙiro ɓoye haɗi don mugunta ba. Ba su da takardar mallaka, ba su da lauya, bakinsu ne kaɗai makullinsu. Sai dai na tambayi wani da ya san harkar irin wannan manhaja, ya ce kin haɗa abu biyu wuri ɗaya. Manhajar kamar turmin gidan haya take, kowa ya ɗauka ya daka, wanda ya ga ya tsage ya gyara. Abin da kika daka a ciki kuwa naki ne, babu dokar da ta ce sai kin raba. Abin da 'yarki ta bayar kyauta aikin kanta ne, kuma dama da aikin wasu da suka bayar kyauta ta fara nata.

Amma ba zan rufe ki ba. In za ta rubuta sakamakon bincikenta, mai yiwuwa a nemi ta ambaci sunan abin. Wannan ku zauna ku uku da malaminta, akwai hanyoyi. Za ta iya nuna wa duniya gwajin da wani haɗi mai sauƙi na daban, naku ya tsaya a gida. Ko da ma sunan ya fita, ki tuna duk mai kwalbarki ɗaya da kuɗin motar Ibadan zai iya sanin sa, har Ramatou. Awon kowane kaya, da kwanakin jiƙo, da wanda ake fara zubawa, da hancin da ke gane ta nuna, waɗannan na'ura ba ta faɗa, kuma kwamfutar Nuriyya ba ta tambaye ki su ba.

Ita ma yarinyar tana da nata laifin, kaɗan. Ya kamata tun farko ta zaunar da ke ta bambance miki abin da zai fita da wanda ba zai fita ba. Kuma mai bincike ba ya ƙin gwaji don uwarsa ta faɗa. Amma wannan laifi na ƙauna ne, kada ki kuskura ki yi mata gori da shi.

Batun alkawarin Inna kuwa, ki duba abin da ta nufa. A zamaninsu ranar lalle ce alamar yarinya ta yi hankalin riƙe amana. Wadda ta yarda ta rushe aikin shekara guda don kada ta cuci mutanen da ba ta taɓa gani ba, ai ta wuce wannan jarrabawa. In rantsuwa kika yi da sunan Allah, ki tambayi malami yadda za ki yi kaffara, abu ne mai sauƙi.

Don haka kada ki jira Juma'a, kuma kada ki aiki maigida, ya yi gaskiya. Ki kira ta ɗakin da kike haɗi. In kunya ta riƙe miki baki, ki ɗebo abin ki zuba mata a tafin hannu, 'yar mai humra ce, za ta gane. Sannan ki buɗe baki ki ba ta haƙuri, haƙuri zalla, ban da cewa "ai don ke na yi". Za ta yi fushi, wataƙila ta kwana biyu ba ta sake miki fuska ba, ki jure. Ki bar ta ta gaya wa mutanen nan huɗu gaskiya, cewa jerin kayan da aka ba ta ne ba daidai ba. Ba sai ta ce wa ya ba ta ba, kodayake ina zaton tsohon Brazil zai gane, shi ma uwa ce ta haife shi.

Ki yi sauri, Mai Humra. Wata huɗu yarinyar nan tana kwana tana tashi da tunanin kanta bai kai ba, manyan masana sun duba sun kasa cire mata wannan tunani. Duk duniya mutum ɗaya ce za ta iya, kuma ɗakinki da nata suna kallon juna.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya tata, ya ba ta nasarar kammalawa a bana, ya ƙara wa sana'arku albarka.

Anti Badiyya