Sunan Hananiya da Na Ƙi Rubutawa

Madinat Khalifa, Doha.

Zuwa ga Yayana Ja'afaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya jikin Inna? Ruƙayya ta ce ƙafar ta lafa, har tana fitowa tsakar gida shan hantsi. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu ma nan lafiya lau. Fiddausi ta koma aikinta na asibiti, Mubarika kuwa ta shiga aji uku, Larabci na neman ƙwace Hausa a bakinta.

Yaya, na san za ka yi mamakin ganin takarda maimakon kiran waya. Sau uku ina kiranka da niyyar wannan magana, sai in ɓige da tambayar damina. Ka san aikina a cibiyar bincike shi ne kula da murjani, halittar nan mai rai da ke ginuwa a ƙarƙashin teku kamar dutse mai rassa, inda kifaye ke fakewa su hayayyafa. Akwai wani ɗan tsibiri da muke zuwa da jirgi daga tashar masunta ta Al Wakrah. Babu kowa a kansa sai tsuntsaye da kunkurun ruwa masu zuwa yin ƙwai, amma a gefensa akwai gungun murjani guda bakwai. Shekara uku muna bibiyarsu ni da Hananiya, mutumin Bukuru, ma'aikacin na'urorinmu. Ka tuna shi, shi ne ya kawo wa Inna dabino da ya zo hutu. Gaskiyar magana, shi ke nutso, ni yawanci ina cikin jirgi ina rubutu. Shi ya gano cewa wasu rassan suna jure zafin ruwa fiye da sauran, kuma shi ya kawo shawarar a yanko su a rene su a wuri mai zurfi da sanyi kafin a sake dasawa.

A farkon bara gwamnati ta buɗe ƙofar neman tallafi don kare murjani da albarkatun tsibirai. Abin da muke jira ke nan. Na zauna na tsara takardar neman, na sa sunana ni kaɗai a matsayin mai bincike, nasa kuma na jefa shi can ƙasa cikin waɗanda ake yi wa godiya. Ana buƙatar sa hannun wanda ya tattara bayanan, sai na kai masa. Ya karanta a tsaye, ya ajiye biron, ya ce mini cikin ladabi ba girma yake nema ba, kwantiraginsa ne zai ƙare a watan Yuni, kuma idan sunansa na cikin masu aikin dole a sabunta masa. Ya ce 'yarsa Kaneng ta samu gurbin karatun jinya, yana so ya ga ƙarshen karatun nata. Yaya, ban san abin da ya hau kaina ba. Na ce masa ni na yi shekaru ina karatun digiri, ba za a jera sunana da na mai ɗaukar kwalbar iska ba. Na ce khalas, magana ta ƙare, zan yi ba tare da shi ba. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Na zaci mako biyu za su ishe ni in sake haɗa komai daga nawa rubutun. Ashe rabin abin da na sani a littattafansa yake. Girman kai ya hana ni komawa, wa'adi ya cika ban miƙa komai ba. Da Yuni ya zo, babu aikin da za a riƙe shi a kai, aka sallame shi. Ranar da zai tafi na tarar da littattafansa guda biyar a kan teburina, an ɗaure su da igiyar jirgi, babu ko gajeren saƙo. Ban raka shi filin jirgi ba. Na ce wa kaina ina da taro a Lusail.

Zafin bara kuwa ba a magana. A watan Satumba da na koma tsibirin, na leƙa ta gefen jirgi sai na ga ƙasan ruwa ya yi fari fat, kamar an baza ƙasusuwa. Direban jirginmu, wani dattijo Abdul-Razak, ya kashe injin ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ina abokina mai shiga ruwa. Na ce ya tafi gida. Ya tada injin, muka juyo gida. Ba na cewa tallafin zai hana rana zafi, amma da mun yanko rassan nan a kan lokaci, da yau muna da abin dasawa.

Bana na sake nema da littattafansa, da yake kowanne na ɗauke da sa hannunsa, na sa sunansa a gaban nawa. Makon jiya amsa ta zo, an amince. Abokan aiki suna ta yi mini barka, ni kuwa na kasa ko murmushi. Shekaranjiya na sa kayan nutso na sauka da kaina. Gungu shida sun mutu, gansakuka ta rufe su, kifayen sun watse. Na bakwai ne kawai ke da sauran rai, kuma a jikinsa na ga ɗan ƙarfen alama da Hananiya ya ɗaura da hannunsa. A can ƙasa na yi kuka, Yaya, har gilashin fuskata ya dushe.

Ga alfarmar da nake nema. Na kira shi ya fi sau goma, ba ya ɗauka, kuma ban ga laifinsa ba. An ce yana gyaran injin ban ruwa a bakin kasuwar Bukuru. Daga wurinku Jos ba nisa. Don Allah ka je da ƙafarka, kai babba ne, zai saurare ka. Ka gaya masa akwai gurbinsa a cikin aikin, da sunansa a rubuce, cibiya kuma ta yarda ta nema masa iƙama, wato takardar izinin zama. Amma kada ka fara da wannan, kada ya zaci sayensa nake so in yi. Ka fara da cewa na zalunce shi, na sani, ina neman gafara. In ya ce ba zai dawo ba, kada ka matsa masa. Ka dai tambaye shi ko Kaneng ta ci gaba da karatu, ka gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce ta sa ni a addu'a, amma kada ka ba ta wannan labari tukuna. Ina gaida Anti Safiyyatu da Ruƙayya da maigidanta Abdulhakeem, da Kawu Mumin in ya shigo gari. Fiddausi tana gaishe ku ƙwarai. Ita ce ta ajiye mini takarda da biro a gabana, ta ce ba za ta ƙara sauraron nadamata ba sai na rubuta.

Ina jiran amsarka.

Naka ƙane,
Umar Faruq